Na sayi manhajar makaranta a CodeCanyon, ta ƙi tashi a laftof ɗina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wata makarantar kuɗi. An ba ni kuɗi na sayo manhajar tafiyar da makaranta a CodeCanyon, kasuwar sayar da manhajoji ta intanet. Manhaja ce da aka rubuta da Laravel, wato tsarin gina manhaja da harshen PHP, mai rajistar ɗalibai da fitar da sakamako da karɓar kuɗin makaranta. Na sauke zip ɗin, na girka XAMPP, mai mayar da kwamfuta ƙaramar saba, a laftof ɗina mai Windows, na juye fayilolin a foldarsa ta htdocs. In na buɗe, ko dai farin shafi ko "500 Server Error". So nake in gwada ta, in ɗan yi gyare-gyare kafin mu biya kuɗin hayar saba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba tukuna. Farin shafin nan kusan kowa da shi yake fara gaisawa. Kuma ka yi dabara da ba ka ɗora ta kai tsaye a intanet ba. Sai dai ka faro daga tsakiya, domin girka XAMPP ba shi ne matakin farko ba.

Manhajar nan wani ne ya rubuta ta a kan tasa kwamfutar, da wani zubin PHP takamaimai, da wani zubin MySQL mai riƙe rumbun bayanai, da wasu ƙarin kaya da ya kunna har ya manta ya kunna su. Gobe kuma za ta je ta zauna a sabar kamfanin da za ku yi haya, wanda shi ma yana da nasa tsarin. Laftof ɗinka zango ne tsakanin gidajen nan biyu, kuma abin da ake so shi ne ya yi kama da su. Mafi yawan wahalar da nake gani tana zuwa ne daga mutum ya sauke duk abin da ya fi sabunta, yana ganin sabo ai shi ne mai kyau, alhali manhajar ba ta taɓa haɗuwa da shi ba.

Don haka rufe XAMPP tukuna, ka koma cikin zip ɗin. Galibi za ka tarar da foldar takardun bayani, da wani zip ɗin a ciki wanda shi ne ainihin manhajar, wani lokaci da fayil mai ƙarewa da .sql. Karanta shafin da ya lissafa abubuwan da saba ke buƙata. Amma kada ka tsaya nan, don masu sayarwa sukan sabunta manhaja su bar takardar yadda take tun shekaru uku da suka wuce. Abin da ba ya ƙarya shi ne fayil ɗin composer.json. Buɗe shi ka nemi layi biyu: na "php" da na "laravel/framework". In ka ga ^8.1 a gaban php, ana nufin daga 8.1 zuwa sama amma kada a kai 9. Lambar Laravel ma tana faɗa maka ƙasan abin da za ta yarda da shi: Laravel 8 na 2020 yana tashi tun daga PHP 7.3, Laravel 9 sai 8.0, Laravel 10 na 2023 sai 8.1, Laravel 11 da 12 kuwa sai 8.2 zuwa sama. Alamar nan ta ^ izini ce kawai, ba shaida ba ce ta cewa marubucin ya gwada manhajar a kan kowane zubi. Ni in takarda ta ce 8.1 ko sama, kuma kamfanin haya yana da 8.2, to 8.2 nake sawa a laftof, ba na wuce nan.

Idan kuwa ka tarar manhajar ba ta aiki sai a PHP 7.4, wannan ba matsalar laftof ba ce, magana ce da za ka kai wa mai sayarwa. An daina toshe ɓarakar tsaro a 7.4 tun Nuwamban 2022. Kana iya tada ta a gida don kallo, amma ba zan ba ka shawarar ɗora sunayen 'ya'yan mutane a kanta ba.

Gida na biyu ma a tambaye shi tun yanzu, kafin a biya sisi. Rubuta wa kamfanin da kuke shirin haya: wane zubin PHP ake iya zaɓa a cPanel ɗinsu (shafin sarrafa saba), MySQL suke da shi ko MariaDB kuma wane zubi, suna ba da SSH ko Terminal (hanyar rubuta wa saba umarni), ana iya saita cron (mai tada aiki kan lokaci) na kowane minti, akwai ionCube (mai buɗe fayilolin PHP da aka kulle), kuma sun bar symlink (mahaɗi zuwa wata folda) a buɗe? Da yawa daga masu haya mai araha suna rufe wasu daga cikin waɗannan. Gara ka sani yau da ka sani bayan ka kwashe mako uku kana gyara.

Yanzu sai zaɓen kayan aiki. XAMPP ba shi da laifi, amma PHP ɗaya tak yake zuwa da shi, kuma lambar zubinsa ita ce lambar PHP ɗin da ke ciki: XAMPP 8.1 na ɗauke da PHP 8.1. In wanda ka girka bai dace ba, sai ka cire ka nemo wanda ya dace. Laragon da WampServer da Laravel Herd suna barinka ka ajiye zubi da yawa ka riƙa sauyawa, abin da ke da amfani ga wanda zai riƙe manhaja fiye da ɗaya. Za ka ji masu cewa Docker ne kaɗai hanya. Gaskiya ne shi ya fi kwaikwayon saba, domin Linux yake tada maka a cikin Windows. To amma yana buƙatar WSL2, yana cin RAM, kuma kafin ya tashi zai sha data mai yawa. In laftof ɗinka mai RAM 4GB ne, ko mai sayarwa bai haɗo da fayil ɗin docker-compose.yml ba, bar shi sai gaba. Tun da XAMPP ke hannunka, da shi zan yi misali.

Akwai wani tarko da ya taɓa cinye min dare guda cur. PHP ɗin da Apache, sabar da ke cikin XAMPP, ke amfani da shi in ka buɗe burauza daban, wanda ke amsawa in ka rubuta php a baƙin allo na cmd kuma yana iya zama daban. Ni ina da wani tsohon PHP da na girka na manta, yana gaba a jerin PATH, inda Windows ke neman manhajar da ka kira, ina ta gyara php.ini ɗin da ba shi ake karantawa ba. Rubuta `php -v` ka ga zubi, `where php` ka ga daga ina yake fitowa, `php --ini` ka ga wane php.ini yake bi. Sannan ka kwatanta da abin da shafin PHPInfo na XAMPP ke nunawa a burauza. In ba su zo ɗaya ba, gyara PATH kafin komai.

A cikin php.ini ɗin nan ne ake kunna ƙarin kayan da takarda ta lissafa. Layin da ke da alamar ; a gabansa a kashe yake. Waɗanda aka fi tararwa a kashe a XAMPP su ne gd na hotuna, da intl, da zip a zubin 8.2. Goge alamar, ka adana, ka kashe Apache ka sake kunnawa, in ba haka ba ba zai ji ba. In Apache ɗin ma ya ƙi tashi, galibi wani ne ya riga shi zama a ƙofa mai lamba 80, yawanci IIS na Windows. MySQL kuma ƙofarsa 3306 ce, tana iya kasancewa a hannun wani MySQL da aka taɓa girkawa.

Sai maganar wurin da ka juye fayilolin, wanda nake zargin yana cikin abin da ya jawo maka matsala. Laravel ƙofa ɗaya gare shi, wato foldar public. Sauran duk cikin gida ne, bai kamata burauza ta gan su ba. In ka zuba a htdocs/makaranta ka buɗe localhost/makaranta, ta bayan gida ka shigo. Hanya mafi sauri ta gwaji ita ce ka shiga foldar a cmd ka rubuta `php artisan serve`, ka buɗe 127.0.0.1:8000. Amma wannan ba ya karanta .htaccess, don haka bai cika kama da saba ba. Abin da ya fi shi ne ka ba manhajar sunan kanta: a httpd-vhosts.conf ka ƙara shafi mai suna makaranta.test, DocumentRoot ɗinsa ya nuna foldar public, sannan ka buɗe fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc da ikon mai gudanarwa, ka ƙara layin `127.0.0.1 makaranta.test`. Kada ka sa .dev kamar yadda tsoffin darussa ke koyarwa. Google ce ta mallake shi, kuma tun ƙarshen 2017 Chrome ke tilasta masa HTTPS. Shi .test an keɓe shi ne musamman don irin wannan aiki.

Wasu masu sayarwa suna sauya tsarin don sauƙaƙa wa masu cPanel: su fito da index.php waje, su cusa Laravel a wata folda ta ciki. In haka taka take, bi abin da takardarsu ta ce. Ko ma wanne ne, yi wannan gwajin: rubuta makaranta.test/.env a burauza, ka kuma gwada da sunan foldar cikin in akwai. In fayil ya buɗe ko ya sauka, to duk kalmomin sirrinka a bainar jama'a suke. A laftof ba komai, amma ranar da ka maimaita kuskuren a saba, akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai neman wannan fayil ɗin.

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, girka Git, mai adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ka yi `git init` a foldar, ka adana manhajar yadda ta fito daga zip. Wata rana mai sayarwa zai fitar da sabon zubi, kuma in ba ka da tarihin abin da ka sauya, ko dai ka rasa gyaranka ko ka haƙura da sabuntawar. Fayil ɗin .env dai kada ya shiga Git.

Duba ko akwai folda mai suna vendor, inda ake ajiye kayan da manhajar ta dogara da su. Mafi yawan kayan CodeCanyon suna zuwa da ita a cike, don an san masu saye da yawa ba su da SSH. In tana nan, kada ka kira Composer, mai sauko da waɗannan kaya, kwata-kwata, kuma kada ka goge ta da niyyar sake saukewa, domin akwai marubutan da ke gyara fayiloli a cikinta kai tsaye, ko su ɓoye nasu kayan a can. A al'ada ba a sa vendor a Git, amma a manhajar saye ni ina sawa saboda wannan dalilin. In babu ita, girka Composer ka rubuta `composer install`. Lura da kyau, install na ce. Shi yana bin composer.lock ya sauko da ainihin zubin da marubucin ya yi aiki da su. `composer update` kuwa zai jawo sababbi, kuma a manhajar da ba kai ka rubuta ba wannan gyaran gangar auzinawa ne. In Composer ya yi ƙorafin zubin PHP ko rashin wani ƙari, gaskiya yake faɗa maka. Za ka ga masu cewa ka ƙara `--ignore-platform-reqs` ya yi shiru. Zai yi shirun, matsalar kuma ta jira ka a gaba, ranar fitar da sakamako. `composer check-platform-reqs` zai jera maka abin da ya cika da abin da ya rage.

Rumbun bayanai kuma. Shiga phpMyAdmin na XAMPP ka ƙirƙiri sabo fanko mai suna makaranta, ka zaɓa masa utf8mb4_unicode_ci. Daga nan hanya uku ce, kuma ɗaya kawai za ka bi: ko manhajar tana da shafin girkawa da zai tambaye ka sunan rumbun ya cika shi da kansa, ko an ba ka fayil ɗin .sql ka shigar, ko ka rubuta `php artisan migrate --seed`. Takarda ce za ta faɗa maka wacce. Haɗa biyu shi ke kawo ƙorafin cewa tebur kaza ya riga ya wanzu. In fayil ɗin .sql babba ne, phpMyAdmin zai ƙi shi ko ya yanke a tsakiya ya bar ka da rabin tebura ba ka sani ba. Yi amfani da cmd: `mysql -u root makaranta < database.sql`. A cmd fa, PowerShell ba ya karɓar alamar < haka.

A nan akwai wani abu da ke rikita mutane. Maɓallin XAMPP "MySQL" aka rubuta a jikinsa, amma abin da ke ciki MariaDB ne. Asalinsu ɗaya, sai dai sun raba gari da daɗewa. In marubucin ya fitar da fayil ɗinsa daga MySQL 8, za ka iya cin karo da kuskure mai lamba 1273, wai ba a san utf8mb4_0900_ai_ci ba. Buɗe kwafin fayil ɗin a VS Code, ka maye gurbin wannan sunan da utf8mb4_unicode_ci duk inda ya fito, ka goge rumbun ka sake shigarwa daga farko. Wani kuma da ke fitowa daga baya a shafukan rahoto shi ne mai lamba 1055, mai maganar GROUP BY. Ana iya rufe masa baki ta hanyar mayar da 'strict' zuwa false a config/database.php, amma fara tambayar mai sayarwa, don alama ce ta yadda aka rubuta tambayoyin rumbun. Umarni ɗaya kuma nake so ka ji tsoronsa: `php artisan migrate:fresh`. Duk teburan yake rushewa ya sake ginawa. A laftof mai bayanan gwaji ba laifi. Kada hannunka ya saba da shi.

Fayil ɗin .env shi ne inda manhajar ke karanta sunan rumbu da kalmar sirri da adireshinta. In babu shi, kwafi .env.example ka sauya masa suna, ka tabbata Notepad bai liƙa masa .txt a ƙarshe ba, tun da Windows na ɓoye ƙarshen sunayen fayiloli. Sa APP_ENV=local, APP_DEBUG=true, APP_URL ya zama http://makaranta.test daidai, DB_HOST ya zama 127.0.0.1, mai amfani root, kalmar sirri fanko in ba ka sa wa XAMPP ba. In APP_KEY fanko ne, `php artisan key:generate` zai cika shi, kuma rashinsa kaɗai ya isa ya ba ka 500. Amma in mai sayarwa ya zo da shi a cike tare da fayil ɗin .sql, dakata tukuna. Da wannan makullin Laravel ke rufe wasu bayanai, kuma in ka sauya shi, abin da aka rufe da tsohon ba zai buɗu ba. Kalmomin sirrin masu shiga ba su shafe shi ba, su ta wata hanya ake adana su. A saba ta gaskiya dole ku samu naku makullin, don duk wanda ya sayi manhajar yana da irin wanda ya zo a zip. Tambayi mai sayarwa yadda ake sauyawa.

Sau da yawa mutum zai gyara .env sau goma manhajar ba ta ji ba. Leƙa bootstrap/cache. In akwai config.php a ciki, ajiyar saitin kwamfutar marubucin ce ta biyo zip ɗin, kuma muddin tana nan Laravel ba zai kalli .env ɗinka ba. `php artisan optimize:clear` yana share ta. In shi ma umarnin ya faɗi, goge fayil ɗin da hannu.

Da APP_DEBUG a kunne, farin shafin zai fara magana. In bai yi ba, buɗe storage/logs, ka gangara ƙasan fayil ɗin log, ka nemi kuskure na ƙarshe. Layinsa na farko shi ne labarin, ɗaruruwan layukan da ke biye hanya ce kawai da aka bi aka iso wurin. In babu log ɗin ma sam, to PHP ya faɗi tun kafin Laravel ya farka, sai ka duba error.log na Apache.

Idan shafi ya buɗe amma tsirara, babu launi babu tsari, APP_URL ne bai dace ba ko ta ƙofar da ba daidai ba ka shigo. In hotunan da ka loda ne ba sa fitowa, `php artisan storage:link`. Wani lokaci zai ce mahaɗin ya riga ya wanzu, saboda zip ya zo da public/storage a matsayin folda ta gaske, sai ka kawar da ita gefe ka sake. Node da npm kuwa ba ka buƙatarsu sai in za ka sauya fayilolin JavaScript ko CSS na asali, ko ka ga ƙorafin "Vite manifest not found". Kada ka ƙona datarka a kansu haka kawai.

Batun lasisi yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Shafin girkawa zai nemi lambar saye, wadda ke cikin takardar lasisin da ake saukewa daga asusunka na Envato, kamfanin da ke da CodeCanyon. Wasu marubutan suna ɗaure lambar da adireshin farko da aka shigar da ita. Kafin ka sa ta a makaranta.test, tambaya ko girkawar gwaji tana cinye damar, da kuma yadda ake kwance ta in za a koma adireshin gaskiya. In tantancewar ta faɗi da "cURL error 60", ba lambarka ce ta lalace ba: PHP ɗinka ne ba shi da sabon jerin takardun shaidar SSL. Sauke cacert.pem daga shafin curl, ka nuna wa curl.cainfo inda yake a php.ini. Lasisin Regular na abu ɗaya ne da ba a cajin masu amfani kuɗin shiga, kamar makarantarku ita kaɗai. In makarantar da ke maƙwabtaka ta gani ta yi sha'awa, sabon lasisi za a saya mata. In kuma tunaninka ka buɗe shafi makarantu su riƙa biyanka kuɗin amfani, wannan maganar Extended ce. Sayen yana zuwa da tallafin wata shida, kuma agogon ya fara bugawa tun ranar da ka biya, don haka duk tambayoyin da na ce ka yi, yi su yanzu.

In ka buɗe wani fayil ɗin PHP ka ga tarkacen haruffa marasa karantuwa da ambaton ionCube a sama, an kulle shi ne. Sai ka girka ionCube Loader da ya dace da zubin PHP ɗinka, mai 64-bit, nau'in TS tun da Apache na XAMPP kake amfani da shi. Ka sani babu Loader na PHP 8.0, sun tsallake shi. Kuma duk fayil ɗin da aka kulle ba za ka iya gyara shi ba, abin da ya kamata shugaban makaranta ya ji tun da wuri. Na san akwai masu raba irin waɗannan manhajoji kyauta bayan sun fasa kwaɗon lasisin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya fasa kwaɗon yakan bar wa kansa taga, kuma ba za ka gan ta ba sai shafin makaranta ya fara tallan caca.

To, a ce ta tashi, ka shiga da asusun gwajin da ke takarda. Kafin ka fara danne-danne, toshe hanyoyinta na fita waje. Sa MAIL_MAILER=log, duk imel ɗin da za ta aika zai sauka a fayil ɗin log maimakon akwatin mutane. Da yawa daga manhajojin nan suna ajiye saitin imel da na tes a cikin rumbun bayanai, a shafin saiti na mai gudanarwa, kuma shi ke rinjayar .env, don haka duba can ma. Wajen biyan kuɗi, fara tabbatar da akwai hanyar da iyayenku za su iya amfani da ita. Yawancinsu da Stripe da PayPal da Razorpay suke zuwa, wanda ke Najeriya kuwa Paystack ko Flutterwave yake nema. In akwai Paystack, yi amfani da makullan gwaji masu farawa da pk_test da sk_test. Biya naira 5,000 na gwaji, ka leƙa shafin Paystack ka ga ko 5,000 ta shiga. Su da kwabo suke lissafi, kuma marubucin da bai taɓa riƙe naira ba yana iya mantawa ya ninka da ɗari. Saƙon tabbatar da biya da Paystack ke turowa ba zai iya samun makaranta.test ba, tun da a laftof ɗinka kaɗai sunan yake. Don gwada wannan sai ka buɗe rami na ɗan lokaci da ngrok ko Cloudflare Tunnel. In kuma ka danna aika saƙo ba abin da ya faru, mai yiwuwa yana layin jira ne: sa QUEUE_CONNECTION=sync, ko ka bar `php artisan queue:work` yana gudana a wata taga. Ayyukan da ake yi kan lokaci, irin tunatar da bashin kuɗin makaranta, `php artisan schedule:work` ke tada su a laftof, a saba kuma cron.

Amfanin duk wannan wahalar shi ne ka gane ko manhajar ta dace da makarantarku, kuma nan ne na fi so ka ɓata lokaci. Ƙirƙiri ɗaliban bogi kamar ashirin, amma da sunayen gida. Sa Sa'adatu da Mu'azu da Ja'afar, don alamar nan ta tsakiyar suna tana karya shafukan da aka rubuta da sakaci, musamman wurin bincike da maɓallin gogewa. Sa suna mai ƙ da ɗ da ɓ, irin Ɗanladi da Bilƙisu. Sa alamar ₦ a saitin kuɗi. Sannan ka fitar da rasit da katin sakamako a PDF. Sau da yawa komai zai yi kyau a allo, a PDF kuwa ka ga alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbin harafin. In manhajar da dompdf take aiki, samfurin rubutun da yake farawa da shi ba shi da waɗannan haruffa, amma yana zuwa da DejaVu Sans wanda ke da su, sai a sauya a samfurin takardar. Mayar da agogonta Africa/Lagos, ko Africa/Niamey ga wanda ke Nijar, in ba haka ba rajistar zuwa makaranta za ta riƙa shiga da lokacin wata ƙasa. Duba ko ta san zango uku a shekara ko simesta biyu kawai ta sani, ko tana raba makin gwajin aji da na jarabawa yadda kuke rabawa, ko tana fitar da na ɗaya da na biyu a aji, tana tara makin shekara a zango na uku. Na ga manhajar da ta tashi lafiya lau amma aka ajiye ta saboda wannan kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka bari sai makon rufe makaranta malamai su gano.

Na ce ɗaliban bogi da gangan. Laftof ana sace shi, ana ara, ana kai shi wurin mai gyara. Bayanan yara da lambobin iyayensu suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma ko ba doka amana ce.

Abu biyu da laftof ɗinka zai ɓoye maka. Windows bai damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil ba, Logo.png da logo.png duk ɗaya ne a wurinsa, Linux ɗin da ke saba kuwa yana ganinsu abu biyu. Duk fayil ɗin da ka ƙara, rubuta sunansa iri ɗaya ko'ina. Na biyu, izinin rubutu a storage da bootstrap/cache ba ya damun Windows, a saba kuwa sai an saita, kuma ba da 777 ba. Wutar lantarki ma ta shigo ciki: in batirin laftof ɗin ya mutu ko aka ɗauke wuta MariaDB na tsakiyar rubutu, gobe kana iya tarar da ya ƙi tashi. Riƙa danna Stop kafin ka kashe kwamfuta, kuma duk ranar da ka yi aiki mai yawa ka rubuta `mysqldump -u root makaranta > ajiya.sql`, ka kwafe fayil ɗin a filasha.

A naka lamarin, zargina ya fi karkata ga zubin PHP da bai dace ba, ko rashin .env da APP_KEY, ko shiga ta wajen public. In ka bi waɗannan ta ƙi, turo min layin php da na laravel/framework daga composer.json, da abin da `php -v` ya nuna, da layi biyar na farkon kuskuren ƙarshe a log. Fayil ɗin .env da lambar sayenka kuwa kada ka tura wa kowa, har ni.